An goge hoton kakana daga Commons, ina neman bayani

Balkisa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Raina a ɓace yake tun safe. Kwana goma da suka wuce na ɗora hotuna 14 a Wikimedia Commons, don in ƙawata maƙalar Maradi ta Wikipediya ta Hausa. Yau na duba, 9 babu su. Waɗanda suka rage su ne na jajayen awakinmu da na ɗauka a kasuwar dabbobi da na tafkin Madarunfa. An goge shida na hawan sallah da aka turo mani ta WhatsApp, da biyu na kokowa da na samo a Facebook, sai hoton kakana. Wannan na ƙarshen ne ya fi yi mani ciwo. Yana zaune a kujerar ƙarfe da rawaninsa, rediyo a bisa cinya, bayansa labule mai zanen jirgin sama. Ɗan kasuwar gyaɗa ne, na so in sa shi a wurin da aka yi maganar cinikin gyaɗa. Hoton ya fi shekara 40 a akwatin Inna. Kakana ne, hotonmu ne, wa ke da ikon cewa ba nawa ba ne?

Malam Lawali: Wa alaikumus salam Balkisa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan tsoho. Kafin in ce komai, lokacin da kike ɗorawa an tambaye ki ko aikinki ne ko na wani. Wanne kika zaɓa?

Balkisa: Na zaɓi aikina ne, Malam, duka 14. Ai ni na ɗora su. Na kakan ma ni na ɗauke shi da wayata daga takardar.

Malam Lawali: To a nan gizo ke saƙar. Tambayar da aka yi miki ita ce wa ya ɗauki hoton tun asali, ba wa ya ɗora ba. Abu biyu ne a hoton nan. Akwai takardar da ke akwatin Inna, wannan taku ce, ku ajiye ko ku ba wanda kuke so. Akwai kuma haƙƙin yaɗa hoton da buga shi da sayar da shi, wannan a doka na mai ɗaukar ne, in ya rasu ya koma ga magadansa. Ɗaukar tsohon hoto da waya bai mayar da shi aikinki ba, kamar yadda kwafe littafin wani da hannunki bai mayar da ke marubuciyarsa ba. Kuma Commons rumbu ne da aka buɗe a 2004 da sharaɗi guda: duk abin da ke ciki kowa a duniya yana iya ɗauka ya yi amfani da shi ba tare da ya sake neman izini ba. Fayil ya haura miliyan 100 a ciki. In suka bar kayan da ba a san mai su ba, wanda ya ɗauka da zuciya ɗaya shi zai shiga uku.

Haruna: Malam ka yi haƙuri, ni wannan magana ba ta kwanta mani ba. Zamanin mulkin mallaka Turawa sun zo sun ɗauki hotunan sarakunanmu da kasuwanninmu da matanmu a bakin rijiya, ba wanda suka tambaya. Hotunan suna can Faransa a ajiye. Yau jikar mutum ta sa hoton kakanta, a ce mata sai da izini? Izinin wa?

Malam Lawali: Haruna, zafin da kake ji ni ma ina jin sa, ba zan ce maka an yi mana adalci a wancan zamani ba. Amma duba wanda dokar ke karewa a maganar Balkisa. Ba Bature ne ya ɗauki hoton kakanta ba, wani bawan Allah ne a garin nan mai ɗakin hoto, da ya ci abinci da wannan sana'a. Su kuma hotunan Turawan, lokaci yana 'yanta su. Haƙƙin mallaka ba ya dawwama. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ke ciki, ta sa mafi ƙaranci shekara 50 bayan rasuwar mai aiki ga yawancin ayyuka, ƙasashe da dama kamar Faransa suka kai shi 70. Commons na buƙatar hoto ya zama 'yantacce a ƙasar da ya fito da kuma Amurka, tunda can gidauniyar Wikimedia mai riƙe da Commons take, a can kuma abin da aka buga sama da shekara 95 ya zama na kowa. Shi ya sa za ka ga tsoffin katin gaisuwa na farkon ƙarnin da ya wuce a ciki. In ka samu irinsu na Maradi ko Tsibiri, ka san sunan mai ɗauka da shekarar rasuwarsa, kawo mu duba tare.

Baba Isufu mai hoto: Salamu alaikum. Jikana ya karanta mani abin da kuke tattaunawa, na ce sai na sa baki, don wanga aiki shi na yi shekara talatin da 'yan kai. Ɗiyata Balkisa, tashi ki ɗauko hoton ki juya bayanshi. Mu da, ba mu sakin hoto sai mun buga mai hatimi.

Balkisa: Baba ina wuni. Na ɗauko. Akwai hatimi kuwa, ruwan shuni, rabinsa ya koɗe. Ana ganin Maradi a ƙasa, da wasu haruffa na suna, da lamba da aka rubuta da biro. Na turo maka ta waya.

Baba Isufu mai hoto: Allahu akbar. Na gane shi. Wurin mai wanga hatimi na fara koyon wankin hoto. Labulen nan mai jirgi ni da hannuna na sha naɗe shi in an tashi. Lambar da kinka gani ta nagatif ce, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi. In mutum ya zo anka ɗauke shi, shi za ya tahi da takarda, nagatif ya tsaya wurinmu cikin ambulan da lambarshi. In shina son ƙari bayan shekara biyar, ya dawo ya biya a wanke mai. Ba mu san sunan wata doka ba, amma kowa ya san uwar hoto ta mai hoto ce. Kun san ɗakin wanki? Duhu ƙirin sai jan ƙwai guda, kwano uku na magani a jere, kana tsaye kana kaɗa takarda har fuskar mutum ta fito kamar daga cikin hazo. Ga zafin Maradi, ga ƙofa a rufe, gumi na ɗiga cikin ido ba halin sharewa don hannu duk magani. Maigidan ya rasu da daɗewa, Allah shi gafarta mai, amma ɗanshi na nan cikin gari.

Haruna: Allah ya gafarta masa. Baba, na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin kakan Balkisa ya biya kuɗinsa.

Baba Isufu mai hoto: Ya biya kuɗin takarda uku, ɗana. Da ya ce a ba shi nagatif, da wani ciniki ne daban.

Sanusi (Tasawa): Bari in taɓo hotunan hawan sallah, don su ne kuskuren da kusan kowannenmu ya fara da shi, har da ni. Duk hoton da waya ko kyamara ta ɗauka yana ɗauke da bayani a ɓoye, ana ce masa EXIF: irin wayar, rana da sa'a, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. In hoto ya bi ta WhatsApp, ana matse shi a share wannan bayani, ya fito ƙarami. Na Facebook kuma yana fitowa da wata alama tasa a ciki. Masu sintiri a Commons sun ga dubbai, kallo ɗaya suke yi su gane. Sabon mai asusu, hotuna ƙanana, babu EXIF, kuma ya ce aikinsa ne, nan da nan za su nemi hoton a intanet, in sun gan shi a wani shafi da ya riga naki sai gogewa. Ba ƙiyayya ba ce, 'yan sa-kai ne irinmu. Ki lura naki biyar na awaki da tafki ba wanda ya taɓa su.

Balkisa: Yaya Sanusi, to wanda ya turo mani na hawan sallah ɗan ajinmu ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma ya ce in yi duk abin da nake so da su.

Sanusi (Tasawa): Shi ya ɗauka, ko shi ma turo masa aka yi?

Balkisa: Na tambaye shi yanzu. Biyu shi ya ɗauka a ƙofar fada, huɗu daga wani zaure ya samo.

Sanusi (Tasawa): To huɗun nan ki manta da su sai in an gano mai su. Biyun kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya buɗe asusunsa, minti biyar ne, ya ɗora su da kansa daga wayar da ya ɗauka. Sunansa ya fito, ba wanda zai tuhume shi. Ki ce masa kada ya bar sunan fayil a lambobin nan da waya ke bayarwa, ya rubuta abin da ke ciki, misali hawan sallah a fadar Sarkin Katsinan Maradi da shekarar, ya yi bayani da Hausa da Faransanci, ya sa shi a rukunin Maradi don mai nema ya same shi. Kuma kada ya manna sunansa a jikin hoton, akwai wurin suna a shafin.

Haruna: Tambaya. In na miƙa wa abokina wayata ya ɗauke ni a filin kokowa, waya tawa, fuska tawa, hoton na wa?

Sanusi (Tasawa): Na abokinka, tunda shi ya saita ya danna. An taɓa yin babbar rigima a kan irin wannan. Wani Bature mai ɗaukar hoton namun daji, David Slater, ya je Indonesiya, wani biri ya danna kyamararsa ya ɗauki kansa. Hoton ya shiga Commons, mutumin ya nemi a cire, Wikimedia ta ƙi, ta ce mallakar kyamara ba ta sa ka zama mai hoto, biri kuma ba ya mallaka. A 2014 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa ba ya rajistar abin da ba ɗan Adam ne ya yi ba. Har yau akwai masu ganin an cuci mutumin, don shi ya sha wahalar shiga dajin ya kafa kayan.

Baba Isufu mai hoto: Malam Lawali, ni ma ina da tambaya, ka ba ni amsa tsakani da Allah. Ina da hotunan kokowa da na hawan ƙaho da na tsohuwar kasuwa cike da kwali. In na sa su wurin nan naku, wani ya ɗauka ya buga kalanda ya saida, mi za ni samu?

Malam Lawali: Baba, ba zan rufe ka ba. Kuɗi ba za ka samu ba. Lasisin da aka fi amfani da shi sunansa CC BY-SA 4.0, na ƙungiyar Creative Commons da aka kafa a Amurka a 2001. Ma'anarsa kowa na iya kwafa, ya gyara, ya buga, har ya sayar, da sharaɗi biyu: dole ya ambaci sunanka da lasisin, kuma in ya sarrafa hoton ya fitar da wani abu, shi ma ya sake shi a kan wannan sharaɗi. Akwai CC BY mai neman ambaton suna kawai, akwai CC0 wanda ka yafe komai. Creative Commons na da wasu lasisin da ke hana kasuwanci ko hana gyara, amma Commons ba ta karɓarsu ko kaɗan. Sai abu mafi nauyi: in ka bayar ka bayar, ba a janyewa. Ko ka sauya ra'ayi bayan shekara goma, wanda ya ɗauka a kan lasisin yana nan da izininsa. Abin da ya rage maka shi ne hoton bai fita daga mallakarka ba. Kana iya ci gaba da wanke shi kana sayarwa, kuma wanda ya buga bai sa sunanka ba ya karya sharaɗi, kana da bakin magana a kansa.

Baba Isufu mai hoto: To ni kam ban shirya ba. Kwalin nan shi ne gadon da za ni bar ma ɗiyana.

Malam Lawali: Haƙƙinka ne Baba, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinka. Na fi son ka ƙi da saninka a kan ka yarda cikin duhu. In wata rana ka ga dama, ba sai duka ba, kana iya zaɓar biyar ko goma. Kuma duk wanda ya yi rajistar ayyukansa a BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, ya fara tambayarsu kafin ya saki wani abu.

Ustaz Mamman: Assalamu alaikum. Abu biyu nake so in ƙara. Na farko, akwatin nan da ake dannawa a ce aikina ne, shaida ce mutum yake bayarwa. Balkisa ba ta sani ba, babu laifi a kanta, amma mu da muka ji bayani yanzu, in muka danna a kan kayan wani mun yi shaidar zur kuma mun yi kyauta da abin da ba namu ba. Na biyu, yadda Malam ya kwatanta lasisin nan ya yi mani kama da waƙafi. Mai rijiya in ya bayar da ita don jama'a ba ya dawowa ya sa mata ƙofa, kuma ba ya zaɓen wanda zai sha. Saboda haka ba a yin waƙafi da dukiyar wani, ba a kuma tilasta wa mutum ya yi. Baba Isufu yana kan daidai da ya tsaya ya yi tunanin magadansa.

Hajiya Rabi: Ina ta karatu ban ce komai ba. Duk kuna maganar haƙƙin mai ɗauka, ba wanda ya yi maganar wadda aka ɗauka. Ni ina nan a 2005 lokacin yunwa, na ga yadda baƙi suka cika garin nan da kyamarori, suna shiga wurin da ake jinyar yara suna ɗaukar uwa da ɗanta a hannu, ƙashi da fata, ba sallama ba tambaya. Akwai maƙwabciyata da aka ɗauka haka. Bayan shekaru wani ɗan unguwa ya ga fuskarta a jikin takardar wata ƙungiya. Yaron ya rayu, ya girma, yau magidanci ne, amma hoton na nan yana yawo. Matar nan har ta rasu ba ta son a tayar da maganar. Yanzu ku ce mani kowa na iya ɗauka ya buga ya sayar, kuma ba a janyewa. To yaranmu da za su fita da waya su ɗauki mai tuyar ƙosai da mai tallar fura, sun gaya musu haka?

Malam Lawali: Hajiya, kin taɓo inda ya fi muhimmanci, kuma laifina ne da ban fara da shi ba. Lasisi haƙƙin mai ɗauka kawai yake saki, bai taɓa mutuncin wanda ke cikin hoton ba. Ƙa'idar Commons kanta ta ce hoton mutumin da ake iya gane shi a wurin sirri, kamar cikin gida ko ɗakin jinya, ba a sa shi sai da yardarsa, kuma ana goge hoton da ke wulaƙanta mutum. A kasuwa ko filin kokowa ƙa'idar ta fi sauƙi, amma ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su yi sallama, su faɗi gaskiyar inda hoton zai je, cewa duniya duka za ta gani, su nuna mata a waya bayan sun ɗauka. In ta ce a'a, a goge a gabanta. Yara kuma sai da iyayensu.

Hajiya Rabi: Kuma ba dole sai fuska ba. Ku ɗauki hannunta da kaskon da ƙosan na tashi a cikin mai. Ku ɗauki ayar da ake shanya, da ƙuli-ƙuli, da gawon da manoma suka bari ya tsiro a gonaki tun da aka fara sassaben zamani a yankin nan. In aka nemi Maradi a intanet a ga abin da muke yi da hannunmu.

Sanusi (Tasawa): Hajiya ta tuna mani wani abu. Wanda zai ɗauki hoto a cikin gida ya kashe alamar wuri a kyamarar wayarsa, in ba haka ba EXIF zai nuna ƙofar gidan ga duk wanda ya duba. Irin hotunan da ta lissafa kuma su ake nema a gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da taken abinci.

Balkisa: Na gode Inna Hajiya, wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Malam, to hoton kakana ya tafi ke nan?

Malam Lawali: Bai tafi ba. Abin da aka goge a Commons ɓoye shi ake yi, masu kula na iya maido shi. Akwai tawagar 'yan sa-kai da ke karɓar wasiƙun izini, ana ce musu VRT. Magajin mai hoton ne zai rubuta musu imel da kansa, ba ke ba, ya ce shi ke da haƙƙin, ya ambaci sunan fayil ɗin, ya faɗi lasisin da ya zaɓa ƙarara. In ya rubuta na yarda a sa a Wikipediya kawai, ba za su karɓa ba, don izinin dole ya zama na kowa da kowa. Akwai samfurin wasiƙar da Faransanci, zan turo miki. A wurin mai aiki kuma sunan marigayin za a rubuta, ke ki zama wadda ta kawo. Ki yi wa ɗan nasa bayanin da na yi wa Baba Isufu, har da maganar sayarwa da rashin janyewa, kada ki rage komai don ya yarda.

Haruna: Ni dai har yanzu ina ganin hanyar ta yi tsawo ga hoto ɗaya. Mutum nawa ne a garin nan ke da imel? Da yawa za su gaji su bari, tarihinmu ya ci gaba da ruɓewa a akwati. Amma Balkisa in za ku je ku kira ni, zan taimaka wurin buɗe masa imel ɗin.

Balkisa: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya bayan la'asar mun je wurin ɗan mai hoton, ni da Baba Isufu da Yaya Haruna. Mutumin ya karɓe mu hannu biyu. Da ya ga hatimin mahaifinsa sai ya yi shiru, ya daɗe yana shafa bayan takardar da yatsa. Ya shiga ɗaki ya jawo wata adaka ta ƙarfe, cike da ambulan masu lamba, wasu sun manne da juna saboda damina. Baba Isufu ya bi lambobin har ya ciro nagatif ɗin kakana, ya ɗaga shi a haske, ga rawanin baƙi fuskar fara. Na yi masa bayani duka yadda Malam ya ce. Ya ce shi ya yarda, amma ba shi kaɗai ne magaji ba, su biyar ne, kuma babbar yayarsu tana aure a Katsina, sai ya kira ta sun yi shawara. Ɗan ajinmu kuma ya ɗora nasa biyun da kansa, suna nan ba a taɓa su ba.

Malam Lawali: Madalla. Gaskiyarsa, sai sun yarda duka. Kada ki sake ɗora hoton kafin nan, ki bar su su yi shawararsu ba matsi.

Baba Isufu mai hoto: Ɗiyata, ki ce mai kada shi yi ƙoƙarin ɓamɓare waɗanda sunka manne, za su yage. Shi ɗauke adakar daga ƙasa shi aza ta bisa benci, nesa da bango. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ina zuwa da sabbin ambulan mu fara rarraba su.